Kafin Ka Sayi Kayan Kwamfutar Nan

 Jerin kayan da ka aiko mini na duba shi a tsanake, kuma na ji daɗi da ka zaɓi ka haɗa kwamfutarka ta tebur da hannunka maimakon ka ɗauko haɗaɗɗiya a kasuwa. Wanda ya ɗaura kowane sukuru da kansa ba ya fargabar buɗe ta ranar da ta yi gardama. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kusan rabin kuɗinka ka zuba a katin hoto irin na masu wasan gem da fankoki masu fitilu kala-kala, alhali ka ce mini aikinka naɗar murya ne: karatun ɗaliban malaminku, tallan rediyo, da 'yan waƙoƙin abokanka. Mai wannan sana'a, abin da yake fara saye da kuɗinsa shi ne shiru, kuma ban ga inda ka ware masa ko sisi ba.

Ka fara sanin inda ƙarar take fitowa. Furosesa ba ta da baki, haka madabod, haka RAM. Zafi ne ke haifar da ƙara. Duk wutar da ta shiga akwatin nan, ƙarshenta zafi take zama, zafin kuma sai an kore shi da iska, iskar kuma fanka ke kawo ta. Saboda haka kafin ka tambayi wace fanka ce mai shiru, tambayi wane kaya ne ba ya shan wuta da yawa. Furosesa ta tsaka-tsaki, irin wadda aka rubuta mata wat 65, ta isa ta ɗauki layukan murya da kiɗa masu yawa ba tare da ta yi nishi ba. Katin hoton da ka saka a jerinka kuwa, shi kaɗai yana iya shan wat 200 ko fiye idan ya kama aiki, ga fankokinsa biyu ko uku, ga wani siririn kuka kamar na sauro da wasunsu ke yi daga cikin naɗin wayoyinsu, wanda ba shi da magani sai haƙuri. Aikin sauti ba ya buƙatarsa. Nemi furosesa mai ɗauke da nata sashen hoto a ciki. Idan ta Intel ce, ka lura da waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F, su ba su da shi. Idan ta AMD ce, masu ƙarewa da G suna da shi. Ran da ka fara haɗa bidiyo mai nauyi, sai mu sake zama a kan maganar.

Sai fanka. Ƙa'idarta ɗaya ce: babba mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Fanka mai faɗin milimita 140 tana juyi 800 a minti za ta tura iskar da ƙaramar mai milimita 80 sai ta kusa juyi 3,000 kafin ta kamo, kuma ta farkon da ƙyar za ka ji ta, ta biyun kuwa har a tsakar gida. Saya masu fil huɗu a bakin wayarsu, domin madabod na iya rage musu gudu da ƙara musu daidai da zafin da ake ciki. A cikin BIOS akwai wurin da za ka tsara wannan. Ka sa su yi tafiyar hawainiya muddin furosesa ba ta wuce digiri 60 ba, daga nan su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada ka bari suna tashi suna sauka kowane lokaci, domin kunne yana sabawa da ƙara mai ɗorewa a wuri ɗaya, amma mai hawa da sauka ba ya barin mutum ya manta da ita. Ƙarfen zuƙe zafi da ke zuwa kyauta a kwalin furosesa, ajiye shi gefe, ka sayi dogo mai faranti da yawa da babbar fanka. Noctua ta Ostiriya da be quiet! ta Jamus sun yi suna a wannan fanni, amma suna da tsada. Arctic ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta ba da kunya. Mai sanyaya da ruwa kuwa, ban ba ka shawara ba. Akwai famfo a ciki da ba ya hutawa, yana da nasa gurnanin, kuma ran da ya tsaya ba kowane mai gyara ne zai iya masa komai ba.

A nan sai ka yi hattara da abin da kake gani a bidiyon Turawa. Mutumin da ke gwada akwati mai rufaffen gaba da soso a jikinsa, yana yabon shirunsa, a ɗaki mai digiri 22 yake zaune. Kai kuwa a Kano kake, inda watan Afrilu ke kai mu digiri 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗebowa, kuma idan iskar da zafinta ta shigo, duk abin da ke ciki ya tashi da wannan ƙarin. Akwatin da aka toshe don a danne ƙara, a wurinmu tilasta wa fankoki gudu yake yi, sai a tashi ba shirun ba sanyin. Ni dai na fi son mai gaban raga, iska na shiga a sake, fankoki na tafiya a hankali. Furosesa ta zamani idan ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 tana rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, kuma a daidai wannan lokacin ne za ka ji naɗinka yana sarƙewa yana ƙas-ƙas.

Ga kuma ƙura. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta bayan hunturu ya san abin da nake nufi. Za ka tarar da farantan ƙarfen nan sun yi wani bargo ja-ja, mai laushi, wanda idan ka kama gefensa da yatsa biyu sai ya ɗago gaba ɗaya, a bayansa kuma ƙarfen na nan fes, iska ba ta taɓa shi ba tun watanni. Fukafukan fanka kuwa kowanne da laka a bakinsa, nauyinsu ya bambanta, shi ya sa take rawa tana kaɗa akwatin. Maganin wannan tun wurin haɗi ake fara shi. Ka sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, misali biyu a gaba, ɗaya a baya, kuma na gaban su kasance a bayan matacin ƙura. Idan iskar ciki ta fi ta waje matsi, ta kowace kafa fita take yi, ƙura ba ta samun hanyar satar shiga. Matacin ka riƙa cire shi kana wankewa, ya bushe sarai kafin ka mayar. Ran da za ka hure cikin da abin busa iska, kashe wuta, ka fitar da ita waje, kuma ka danne kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Kar ka ajiye akwatin a ƙasa kan kafet.

Faifan ajiya mai juyawa, wanda ke yin juyi 7,200 a minti, yana girgiza sau 120 a kowane sakan, kuma jikin akwati da tebur suna ɗaukar wannan girgiza su mayar da ita gurnani. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, don haka ita za ka sa a ciki. Mai juyawar ka saye shi na waje, don ajiyar tsofaffin ayyuka, ka riƙa jona shi sai lokacin buƙata.

Na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, wadda ka sa mafi arha a jerinka, ita ce wadda ban yarda ka yi mata rowa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Idan kayanka na buƙatar wat 200, na'urar da ingancinta kashi 80 ne cikin ɗari za ta ja 250 daga bango, 50 su zama zafi a cikinta. Mai kashi 90 kuwa wajen 222 za ta ja, zafin bai kai rabin na waccan ba. Tambarin 80 Plus da kake gani a jikinsu, wanda aka fara tun 2004, wannan yake nunawa, kuma masu darajar Gold da yawa fankarsu ba ta ma tashi sai aiki ya yi nauyi. Bayan shiru, akwai tsaro. Ka san halin wutarmu, yau ta yi ƙasa, gobe ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Mai arha idan za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai. Ka haɗa da sitabilaiza da UPS, amma ka saurari UPS ɗin kafin ka biya, don wasu na da tasu fankar mai surutu. Idan da inbata za ka yi aiki, nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi. Mai arhar nan da wutarta ke tafiya a gutsure tana sa lasifika zizar da ba ta ƙarewa.

Akwai wani gurnani kuma da samari ke ɗora wa kwamfuta laifinsa alhali ba ita ba ce. Wutar Nijeriya tana kai da komo sau 50 a sakan, kuma idan wayar ƙasa ta gidan ba ta da kyau, ko ka jona kwamfuta a wannan soket, miksa a wancan, sai wannan kai da komon ya biyo waya ya shiga naɗinka, ka ji huuum a ƙarƙashin kowace magana. Jona kayan sautinka duka a wuri ɗaya, ka kira mai gyaran wuta ya tabbatar an binne sandar ƙasa yadda ya kamata, kuma tsakanin makirufo da katin sauti ka yi amfani da wayar XLR mai fil uku, wadda aka ƙera ta don ta soke irin wannan datti da kanta. Abin da na hane ka shi ne cire fil ɗin ƙasa daga fulogi don gurnani ya tafi. Yana tafiya, amma ka sayar da ranka da arha.

Dabarar da ta fi duk waɗannan sauƙin kuɗi ita ce nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakaninka da abin da ke ƙara, ƙarar na raguwa da desibel 6, a cikin ɗaki kuma ragin bai kai haka ba saboda bango na dawo da ita, amma yana nan. Desibel ba a lissafa shi kamar kuɗi: ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara sau biyu. Ɗaki mai shiru da dare yana wajen 30, hira tsakanin mutum biyu wajen 60. To ka ga matsar da akwati daga kan tebur zuwa ƙuryar ɗaki, ko ka huda bango ka kai shi ɗakin da ke kusa da dogayen wayoyi, ya fi maka fankar dubu ɗari. A gidan rediyo da na yi aiki, injinan da ke ƙara ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya da makirufo ba. In ka gama haɗawa, yi wannan gwajin: kunna komai kamar za ka yi aiki, kowa ya yi shiru, ka naɗi rabin minti na ɗakin kawai. Buɗe shi a Audacity, wadda kyauta ce, ka ɗaga shi sosai, ka sa hedfon. Za ka ji abubuwan da ba ka san da su ba: fanka, firjin maƙwabta, janaretan bayan layi. In kana son gane wace fanka ce mai laifi, buɗe murfin ka danna tsakiyar kowacce da yatsa na ɗan lokaci, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta tsaya ɗakin ya yi tsit, ita ce.

Yanzu ga maganar lambobin da ke ruɗa ku. Ka rubuta mini cewa katin sautin da kake so yana kai 192,000, wancan kuwa 48,000 kawai, don haka wannan ya ninka wancan kyau sau huɗu. Ba haka abin yake ba, ɗana. Sauti girgizar iska ce. Makirufo na mayar da ita wuta mai hawa da sauka, katin sauti kuma yana auna tsayin wannan wutar sau dubbai a sakan, yana rubuta kowane awo da lamba. Tambayar ita ce awo nawa ya isa. Harry Nyquist ya share fagen amsar a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da ita da lissafi a 1949: idan yawan awonka ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikin sautin, za a iya dawo da sautin yadda yake, ba tare da gibi ba. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga girgiza 20 zuwa 20,000 a sakan. Ninka 20,000, ka bar ɗan sarari, ka ga dalilin da ya sa Sony da Philips suka tsaya a 44,100 lokacin da suka fito da faifan CD a 1982, masu fim da talabijin kuma suka tsaya a 48,000. Abin da 192,000 ke ƙara maka sauti ne da jemage ke ji, kai ba ka ji, kuma ka biya shi da cikar faifai da wahalar da furosesa, wato ƙarin zafi, wato ƙarin fanka. Inda ƙarancin awo ke ciwo shi ne can ƙasa. Tsohon layin tarho awo 8,000 yake yi, yana yanke duk abin da ya haura 3,400, shi ya sa a waya ake kasa bambance sa da fa. Mai naɗar karatun Alƙur'ani ya kamata ya riƙe wannan da kyau, domin abin da ke raba sinun da sa'un mai ɗigo uku yawancinsa a can sama yake. A 48,000 babu abin da zai ɓace maka.

Ɗaya lambar, wato bit 16 ko 24, tana faɗin zurfin kowane awo ne, wato tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da za a iya rubutawa da shuuu ɗin da ke can ƙasa. Kowane bit yana ba da wajen desibel 6, don haka 16 ya ba ka 96, wanda ya ishi kowane mai sauraro. Amma wajen naɗa, ɗauki 24. Dalilin shi ne rufin. A zamanin tef, idan allura ta ɗan shiga ja, sautin kumbura yake yi a hankali, wani lokaci ma har da daɗi. Na'urar lamba ba ta da wannan afuwar. Akwai sifili a saman ma'auni, kuma duk abin da ya taɓa shi an gille masa kai, ya zama tsagewar da babu manhajar da za ta ɗinke ta yadda take. Da 24 kana da sararin da za ka sauko, ka bar mafi ƙarfin muryar yana tsayawa wajen 12 ƙasa da sifili, ka ɗaga daga baya ba tare da shuuu ya biyo ka ba. Ka tuna mai karatu da mawaƙi duk suna farawa a hankali, sai sun yi zafi muryar ke buɗewa. Ka sa su gwada maka wurin da za su fi ɗaga murya kafin ka saita.

Inda aka fi yi wa sauti illa a garin nan shi ne bayan an gama naɗa. Minti ɗaya na sauti irin na CD yana cin wajen megabait 10, domin kilobit 1,411 ne ke wucewa a kowane sakan. MP3 mai 128 yana cin kusan megabait 1. Ina sauran suka tafi? Zubar da su aka yi. Masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus, su Karlheinz Brandenburg, waɗanda aikinsu ya zama MP3 a farkon shekarun 1990, sun yi amfani da wani rauni na kunne: idan ƙara mai ƙarfi ta zo tare da mai rauni kusa da ita, mai raunin ba a jin ta, don haka ana iya yar da ita. Dabara ce mai kyau, kuma MP3 da aka yi da kyau a 256 ko 320, mutane ƙalilan ne za su raba shi da na asali. Matsalar maimaitawa ce. Kamar tankaɗe ne: dusar da ta fita ta fita, ko ka juye garin a babban buhu ba ta dawowa, kuma kowane sabon tankaɗe sai ya ƙara ɗebe wani abu. Wanda ya ɗauki MP3 mai 128 ya mayar da shi 320 ya ƙara masa nauyi kawai. Ka naɗa a WAV, ka yi duk gyaranka a WAV, sai a ƙarshe ka fitar da MP3 sau ɗaya tak don rabawa. Idan wuri ya yi maka kaɗan, FLAC yana rage fayil zuwa kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba. In za ka tura wa mai aiki ta WhatsApp, tura fayil ɗin kansa a matsayin takarda. Kada ka kunna a lasifika ka naɗa da saƙon murya, domin shi an tsara shi ne don magana ta isa da ƙaramin data.

Wannan batu yana taɓa ni, saboda ina jin yadda waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ke yawo a wayoyin mutane, an kwafa daga kaset zuwa kaset, an matse, an sake matsewa, har kalangu da kuntigi sun koma kamar ana kaɗa su a ƙarƙashin ruwa. Yaran yanzu sun ɗauka haka muryoyin suke. Duk wanda ka naɗi muryarsa, ko ɗalibi ne da bai kai ko'ina ba, ajiye asalin a wuri biyu, ka rubuta suna da kwanan wata. Ba ka san wanda Allah zai ɗaukaka ba.

Za ka haɗu da masu ce maka sun ji bambanci tsakanin wayar USB ta dubu biyu da ta dubu hamsin. Kada ka yi musu da su, kuma kada ka ba su kuɗinka. Ido da farashi suna shiga cikin abin da kunne ke ji, kuma fayil ɗin da ya ɗara ɗan'uwansa ƙarfi ko da kaɗan ne, shi za a ce ya fi daɗi. Gwajin gaskiya shi ne ka daidaita ƙarfinsu, ka juya baya, abokinka ya riƙa kunna maka ba tare da ka san wanne ba ne, sau goma ko fiye. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa irin wannan gwaji da suka yi a Amurka, tsakanin faifai masu manyan lambobi da ingancin CD. A gwaji sama da 500, masu sauraro sun dace a kusan rabi, daidai da abin da mai canki-canka zai samu. Wasu masana daga baya sun ce akwai ɗan bambanci ƙanƙani da kunne mai horo ke iya kamawa, kuma ban ƙaryata su ba. Amma kai da ke da ɗakin siminti mai amsa-kuwwa, ba nan matsalarka take ba. Labule mai kauri, kafet, katifa a jingine bayan mai magana, da makirufo a tazarar taƙi ɗaya daga bakinsa, su za su canza naɗinka yadda ko mahaifiyarka za ta ji bambancin. A ɗaki irin naka ma makirufo mai kama na kusa kawai, irin Shure SM58 da ake ta amfani da shi tun 1966, ya fi maka wanda ke jin motsin ƙadangare a kan katanga. Eko kuma ka sassauta masa hannu, musamman a karatu, don yana cinye ƙarshen haruffa.

Kunnenka kuma ka tausaya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na sa'o'i 40 a mako shi ne iyakar babba, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Abin da ya mutu a cikin kunne ba ya tsirowa, kuma saman ne ke fara tafiya, wato daidai wurin da sana'arka take. Idan ka cire hedfon ka ji kunnenka na ƙara shi kaɗai, ka wuce gona da iri ranar. Ɗaki mai shiru yana taimaka maka a nan ma, tunda ba sai ka ƙure ƙara don ka danne fanka ba.

Game da kayan gwanjo da ka tambaya: akwati, furosesa, RAM da ƙarfen zuƙe zafi, duk kana iya sayen na hannu idan an gwada maka a gabanka. Na'urar wuta, SSD da fankoki kuwa sababbi za ka saya, domin su ne ke tsufa ba tare da ya nuna a jikinsu ba. Man da ake shafa wa furosesa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, kuma kada ka manta ka ɓare ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen kafin ka ɗora. Sake rubuta jerin da kuɗin katin hoton nan a raba shi tsakanin katin sauti, makirufo da labule, ka turo mini in gani kafin ka shiga kasuwa. Ka gaishe mini da mutanen gida.